Sunan da Ke Ƙarshen Jeri

Litinin, 14 ga Oktoba, da hantsi

Ban fita ba. Josiane ce ta je sayen burodi, alhali aikina ne tun da muka yi aure, don a layin gidan burodi nake jin yadda gari ya kwana. Yau ba na son ji.

Zan rubuta sakamakon sau ɗaya, ba zan ƙara ba. A farar takarda, ta majalisar gari, 'yata Muriel ta samu dubu da ɗari ɗaya da 'yan kai, ni ɗari bakwai da ɗoriya. A koriyar takarda, ta majalisar lardi, a garin nan dai, a rumfunan nan dai, da jan fensirin nan dai, na haura dubu da ɗari shida. Na ci kujerar lardi da ƙuri'un da ban taɓa gani ba tun da na shiga siyasa. Jarida ta buga hotona ina washe baki. Hoton bara ne.

Wato jiya mutanen garinmu Harzimont sun shiga bayan labule, kowa da takarda biyu a hannu. A ɗaya suka ce, Firmin Dozot, kama hanyar Arlon, hedikwatar lardi, Allah ya kiyaye. A ɗayar suka ce 'yata suke so ta zama magajin gari. Shekara goma sha takwas ina ɗaura ɗamara mai launukan tuta ta magajin garin nan, ga shi an yi mini rakiya har bakin ƙofa, cikin ladabi.

Muriel ta zo wankin ƙafa kamar kowace safiya. Ita ce nas mai bin gidaje a yankinmu, kuma tun da ciwon suga ya buɗe mini dunduniya gidanmu ya shiga zagayenta. Ta durƙusa, ta kwance bandeji, ta duba, ta ce, "Baba, ka sha giya jiya." Na ce kofi biyu ne kacal. Ta ce, "Uhm." Ba ta ta da maganar abin da ya faru a ɗakin taro ba, ni ma ban tayar ba.

Ban yi niyyar karɓar makirfon nan ba. Ina so a san wannan.

Talata, 15 ga Oktoba, da yamma

Willy Gillain ya zo, mataimakina na farko, wanda muka zauna benci ɗaya a firamare. Ya shigo ta ƙofar kicin ba ko ƙwanƙwasawa, ya buɗe firij kamar gidan ubansa.

"Kai, Magaji, ka duba madubi kuwa? Wa ya mutu?"

Na ce ya zauna ko ya fita.

"To na zauna. Saurara. Ba a sa mutum a ƙarshen jerin 'yan takara don ya ci ba, kowa ya sani. Ana sa mai farin jini ne ya tura mota daga baya. Ka taɓa ganin mai turi ya zagayo ya kama sitiyari?"

Gaskiyarsa ce, haka ake yi ko'ina. Sai dai doka ba ruwanta da mai turi. Jerin da ya yi nasara, wanda ya fi ƙuri'a a cikinsa shi ne magajin gari, ba mahawara. Kuma uba da 'ya ba sa zama a majalisa ɗaya, dole ɗaya ya bar kujerarsa gaba ɗaya. In Muriel ta janye, ni ne na biyu, ɗamara ta tsaya inda take. In ba ta janye ba, ni ne zan tattara nawa ya nawa.

Ai mun yi maganar tun watan Yuli, a kicin ɗin nan. Dariya ta yi ta ce, "Baba, ina ni ina siyasa? Sa sunana a ƙasa in zai taimake ka." Ni na roƙe ta. Na duba yawan gidajen da take shiga, na ce ko rabinsu suka biyo ta, jerinmu ya haye. Dabarata ta ci, har ta wuce inda na aike ta.

"Ranar sha biyu ga Nuwamba za mu miƙa takardar masu rinjaye, da sunan magajin gari a kai," in ji Willy. "Ka tuna mata alƙawari, cikin ruwan sanyi. Amma ka fara ba ta haƙuri, Firmin. Ni da na fizge wayar lasifikar nan, har yanzu kunnena bai huce ba."

Na ce gobe zan yi mata magana.

Laraba, 16 ga Oktoba, da safe

Ƙafa da sauƙi, in ji ta. Ban yi maganar ba. Gobe.

Asabar, 19 ga Oktoba, da la'asar

Na gaji da ɓuya, na fita. Jiya a zauren gari ma'aikata sun yi ta gaishe ni da murya ƙasa-ƙasa, irin gaisuwar da ake yi wa mai jinya. Kowa "Barka da Arlon, ranka ya daɗe." Ba wanda ya yi mini barka da wani abu daban.

Yau na biya ta mashayar Nestor. Maharba sun dawo daga farautar aladen daji, takalma duk laka. Ina shiga hira ta tsaya cak, sannan ta ci gaba da ƙarfi fiye da da. Dogon Marcel ya ɗaga kofi.

"Ga ɗan majalisar lardi! Magaji, in ka je can ka ce musu hanyar dajinmu ta mutu. Mu mun yi ta gaya wa magajin garinmu har muka yi furfura, bai ji ba. Wataƙila kai su ji ka."

Aka kwashe da dariya. Na taya su, na ce Nestor ya zuba wa kowa, na fito kofina ko rabi ban sha ba.

Hanyar dajin tana cikin tsari. Na sha gaya musu tana cikin tsari.

Lahadi, 20 ga Oktoba, bayan cin abincin rana

Muriel ta zo cin abinci ita kaɗai. Mijinta wai yana da aiki. Ranar Lahadi. Josiane ta yi curin nama da soyayyen dankali, muka yi hirar ruwan sama, muka yi hirar ganyen da ya toshe indararo, muka sake komawa kan ruwan sama.

Da ta tafi na tambayi Josiane, a farar takarda, ɗigon gaban sunan wa ta cike. Na ce ai ana iya cike biyu a jeri ɗaya, ba laifi ba ne, tambaya ce kawai. Ta ci gaba da goge faranti.

"Firmin, kai ka sa aka sayo sababbin labulen rumfa bara. Ka san amfaninsu."

Shekara arba'in da wani abu muna kwana ɗaki ɗaya da matar nan.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da safe

Gobe.

Litinin, 28 ga Oktoba, da hantsi

Yau tana naɗa bandeji, ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Baba, in ana so a buɗe ɗakin shan magani a ƙauyen Fays, wa ake fara gani?"

Ban san lokacin da bakina ya ɓalle ba. Na gaya mata ƙofar da ake fara bugawa da wadda ake bari sai ƙarshe, da wanda ake kira a waya da wanda sai an je masa da ƙafa. Na ce kada ta taɓa kai buƙata ranar Juma'a, kuma in babban jami'i ya ce "za mu duba" ta ja kujera ta zauna ta ce za ta jira ya duba. Ta zauna a ƙasa a kan dugaduganta tana kallona, almakashi a hannu, kamar lokacin da take ƙarama ina nuna mata yadda ake gane itacen da ya isa sara. Tambayoyinta masu kyau ne. Biyu daga ciki Willy bai taɓa yin irinsu ba duk tsawon zamansa a majalisa. Har ta makara zuwa gida na gaba.

Tana haɗa jaka ta ce, "Mutane suna tare ni a hanya, Baba. Ban san ina son abin nan ba sai da suka miƙo mini."

Na ji alfahari ya cika mini ƙirji, ba zan ɓoye ba. Bayansa kuma tsoro ya biyo, ya fi shi girma.

Na ce mata bandejin ya matse ni. Bai matse ni ba. Ta kwance ta sake naɗawa.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, da yamma

Ranar tunawa da tsarkaka. Duk gari yana maƙabarta da tukwanen furanni, kowa yana goge dutsen nasa yana satar kallon na maƙwabci. Na kai na iyayena. Ina tsugunne ina gyara tukunya na ji ƙarar keken dogarawa a kan tsakuwa. Madam Léonie ce, wadda ta kusa casa'in, ƙawar mahaifiyata. Ita kaɗai ta rage a garin nan da ta taɓa ja mini kunne.

Na miƙe na ce, "Inna Léonie, ya jiki?"

"Jiki ya tsufa, kai bai tsufa ba. Firmin, ina ɗakin taro ran nan da ka karɓi makirfo. Jikata ta kai ni, a kujerar gaba nake."

Na ce an yi hayaniya da yawa, mutane sun sha, ni ma na gaji.

"Ni ma ina cikin tsofaffin nan da ka ce tana wanke wa ɗuwawu. Kowace safiya. Kuma da hankalina na cike ɗigon nan, ba wanda ya riƙe mini hannu. Ka ji?"

Na ce na ji.

"Na ba ka ƙuri'ata a koriyar takarda, saboda wannan da ke kwance a nan." Ta nuna kabarin mahaifiyata da haɓa. "Yaushe rabonka da shiga gidan wani in ba lokacin zaɓe ba? Ita ta san inda nake ajiye siga. Kai ka san ko ɗana yana raye?"

Ban sani ba. Na tsaya kamar dogari da hula a hannu, ta juya kekenta da kyar ta tafi. Mutanen da ke kaburbura na kusa duk sun duƙufa kan furanninsu, ba wanda ya ɗago. Da ƙasa za ta tsage da na shige, ga shi kuwa wurin ya dace.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, da rana

Ina ta gaya wa kaina ba haka nake nufi ba. To me nake nufi? A gaban mutum ɗari uku, da ita a tsaye a gefena riƙe da furannin da wani ya danƙa mata. Ko kuka ba ta yi ba. Ta ajiye furannin a kan tebur a hankali ta je ta taya mata kwashe faranti.

Washegari kuma ta zo ta durƙusa a gaban ƙafata.

Ban ba ta haƙuri ba har yau. In na ba ta haƙuri, da wane baki zan roƙi ɗaya abin?

Laraba, 6 ga Nuwamba, da yamma

Willy a waya. "Magaji, Kirsimeti kake jira?"

Na ce ina neman lokacin da ya dace.

"Kullum tana gidanka, kai da ita, ƙafarka a cinyarta. Wane lokaci kuma? Ka ga, ba kai kaɗai ba ne. In ta hau, sababbin jini za ta kwaso, ni da sauran duk kwandon shara. Mu ma muna da fuska a garin nan. Kai ka kawo ta, kai za ka mai da ta."

Na ce 'yata ce, ba akuya ba.

"To madalla. Sai ka je ka ɗaura mata ɗamarar da hannunka, Dogon Marcel yana tafi."

Na kashe wayar. Amma hoton ya ƙi fita daga kaina: ni a tsaye, Marcel yana tafi.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, da safe

Na yi maganar.

Juma'a, da la'asar

Ban ɗaga murya ba. Wannan dai ba wanda zai ce na yi. Na jira sai da ta durƙusa ta kwance bandeji, don ba na son mu haɗa ido. Na tuna mata watan Yuli. Na ce mutum da maganarsa aka san shi. Na ce ita tana da shekaru a gaba, zaɓe mai zuwa nata ne, ni da kaina zan sa ta a saman jeri.

Ta ci gaba da goge ciwon.

Sai na kawo maganar likita. Na ce ya gaya mini abin da ban gaya wa uwarta ba, cewa in na ga ƙarshen wannan wa'adin to na yi sa'a. Na ce ba na so in ƙare a matsayin wanda aka kora.

Likita bai faɗi haka ba. Abin da ya ce shi ne in rage giya da kek. Kuma ita ce take karanta sakamakon jinina kafin ni, ta fi ni sanin abin da ke ciki. Ta san ƙarya nake, na san ta sani.

Ta sa magani, ta naɗa, ta manna, ta shafa gefen da babban yatsa yadda take yi. Ta miƙe ta wanke hannu. A bakin ƙofa ta ce, "To, Baba."

Shi ke nan. Na samu abin da nake so. Na kasa cin abincin rana.

Asabar, 9 ga Nuwamba, da hantsi

An buga ƙararrawa a lokacin da aka saba. Na buɗe, sai ga wata mata mai jiki, mai gajeren gashi, da jaka irin ta Muriel.

"Fabienne. Mun yi musayar zagaye da 'yarka, yallaɓai, ita ta koma ɓangaren Fays. Ina kake zama? To miƙo ƙafar, ba ni da lokacin hira."

Ta iya aikinta. Hannunta sanyi.

Josiane tana tsaye a ƙofar kicin har aka gama. Da matar ta fita ta ce, "Me ka ce mata?" Na ce maganar siyasa ce. Ta dube ni, ta dube ni, ta koma kicin ta rufe ƙofar da ba a taɓa rufewa ba.

Litinin, 11 ga Nuwamba, bayan tsakar rana

Ranar tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi. Josiane ce ke ɗaura mini ɗamara duk shekara, don ni kullum sai na juya launukan. Na miƙa mata, ta ce, "Ƙafarka ce ke ciwo, hannunka lafiya lau." Na ɗaura da kaina a gaban madubi, sai a karo na uku ta zauna.

A gaban dutsen tunawa 'yan makaranta sun yi waƙa, mai kakaki ya busa, na ajiye furanni, na karanta sunayen da ke jikin dutsen kamar kowace shekara. Muryata ta fita daidai. Ina karantawa ina jin idanu a kan ɗamarar, ba a kaina ba. Labari ya riga ya zaga, ban san ta yaya ba. A garin nan in ka yi atishawa a kicin, a gidan burodi za a ce maka sannu.

Talata, 12 ga Nuwamba, da yamma

Willy ya miƙa takarda da sunana. Ita ma ta kai tata ta janyewa, da kanta, tsakanin gida biyu na zagayenta.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, da la'asar

Josiane ta gasa kek ɗin siga, ta naɗe shi a tawul, ta sa kwat. Ta bar mini miya a tukunya. Ban tambayi inda za ta ba, na san gidan Muriel ne.

Da ta dawo ta zauna a gabana ba ta cire kwat ɗin ba.

"Shekaranjiya na tambayi sakataren majalisa. Janyewarta ba ta zama tabbas sai an karanta a zaman rantsuwa an amince. Kafin nan in ka tashi ka ce kai ne ka bar kujera, ta koma hannunta."

Na ce ashe har ofis ta je a bayan idona.

"Na je. Firmin, kana da Arlon. Mutane sun ba ka ƙofar fita mai kyau, da hannu biyu. Mutum nawa ne ake yi wa haka?"

Na ce korar kare ce aka naɗe a takarda mai launi.

"To zauna da ɗamararka. Sai ita ɗamarar ta riƙa zuwa maka cin abinci ranar Lahadi."

Na tambaya ko Muriel ta ce wani abu a kaina. Ta ce a'a. Ta ce da ma ta zage ni da ya fi mata sauƙin ji.

Zan yi tunani. Akwai lokaci.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, da yamma

Na je Arlon taron waɗanda suka ci zaɓen lardi a jam'iyyarmu. An kira sunana an yi tafi, wai zakaran ƙuri'u na arewacin lardi. An ba ni kujera kusa da taga. Wurin da ɗumi, kofi mai kyau, mutane suna sauraro in ka yi magana. Zan iya zama a can. Wannan ne abin da ya fi ba ni haushi, zan iya.

Wajen cin abinci wani daga kudu, ban riƙe sunansa ba, ya dafa kafaɗata. "Ashe kai ne wanda 'yarsa ta kayar! Kai, da ni ne da har a jikin mota zan rubuta. Nawa ko taron unguwa ba sa zuwa. Yaushe za a rantsar da ita?"

Na ce ana kan shiri.

A dawowa na bi ta Fays, ko da yake ba hanyata ba ce. Na ga ƙaramar motarta a ƙofar wani gida. Na rage gudu har mota ta kusa mutuwa. Sai na ga labule ya motsa, na taka.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Akwai lokaci.

Talata, 26 ga Nuwamba, da hantsi

Fabienne ta ce ciwon ya fara haɗewa. Ta ciro waya ta ɗauki hoton dunduniyata. Na ce na mene ne, jarida za ta kai?

"Na 'yarka ne. Kullum sai ta tambaye ni, har na gaji na ce bari in riƙa tura mata ta gani da idonta. Jiya ta ce in canza maganin, kuma gaskiyarta ce." Ta manna bandeji. "Ni dai ba ruwana da siyasarku, yallaɓai. A garin Bastogne nake zaɓe, ba nan ba."

Da ta fita na zauna ina kallon ƙafar nan. Na yi kuka, ni Firmin Dozot, a kan kujerar falo, da safa ɗaya a hannu. Na rubuta don ya zama an rubuta.

Lahadi, 1 ga Disamba, da yamma

Na yanke shawara. Gobe, da sakatare ya zo kan takardarta, kafin ya karanta zan ɗaga hannu. Zan ce, "Dakata. Ni ne zan bar kujera." Magana ce gajera, na maimaita ta a gareji har ta zauna a bakina. Sannan in juya in ce wa jama'a abin da na faɗa a ɗakin taro ƙazanta ce, kuma aikin 'yata ya fi nawa tsabta. In Marcel zai yi tafi ya yi.

Ban gaya wa Willy ba, zai zo ya cika ni da surutu. Ban gaya wa Josiane ba, ina so ta gani da idonta.

Rabona da jin sauƙi irin na yau tun kafin zaɓe. Na ci abinci har na ƙara.

Litinin, 2 ga Disamba, da la'asar

Na goge takalmi. Na sa ɗamara a jaka, don doka ce a ajiye ta a kan tebur kafin zama. Na yi mata guga da kaina. Ban taɓa lura gefenta ya fara cinyewa ba, daidai inda hannuna ke kamawa.

Dakata, ni ne zan bar kujera. Dakata, ni ne zan bar kujera.

Talata, 3 ga Disamba, da safe

Zauren ya cika har matakala. Ban taɓa ganin haka a zaman rantsuwa ba, yawanci iyalan kansiloli ne da mutum biyu masu jiran ruwan inabin bayan taro. Josiane tana layi na biyu. Madam Léonie tana gaba da kekenta.

Sakatare ya tashi. Ya ce akwai takardar janyewa daga zaɓaɓɓiyar kansila Muriel Dozot. Sai ya tsaya yana neman tabarau a aljihu. Ya daɗe yana nema, kuma na san don ni yake yi, Josiane ta riga ta gan shi. Na ji hannuna ya taso daga kan tebur.

Ɗamarar tana gabana, a ninke, yadda na yi mata guga.

Na ɗauki kofin ruwa na sha.

Ya sa tabarau ya karanta. Aka amince. Sauran ya tafi yadda yake tafiya. Na ɗaga hannun dama na yi rantsuwar biyayya ga Sarki da tsarin mulki da dokokin ƙasa, ban yi tuntuɓe ko a kalma ɗaya ba. Willy ya ɗaura mini ɗamara. Na juyo na fuskanci jama'a.

Ba wanda ya tafa. Willy ya haɗa hannu sau biyu ya ga shi kaɗai ne ya bari. Na ji tarin wani, na ji ƙarar kujera. Josiane tana kallon jakarta. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba.

Sai tafi ya taso daga can baya, wajen ƙofa, na mutum ɗaya. Muriel ce, da rigar aiki a ƙarƙashin kwat, ban ma san ta zo ba. Ta yi ta tafawa ita kaɗai, ba sauri, tana kallon mutane ɗaya bayan ɗaya, har suka ji nauyinta suka fara bi. Layi bayan layi. Har Dogon Marcel. Ba ni suke tafa wa ba, kowa a zauren ya san haka. Ita ce ta ce su rufa mini asiri, suka rufa.

Bayan taro aka jera don gaisuwa. Na hango ta ta shiga layi kamar kowa, tana matsowa. Na shirya maganar, ba wadda na maimaita a gareji ba, wata daban, gajera. Da ta iso na sunkuyo da kumatu, yadda muke yi tun tana tsayin gwiwata.

Ta miƙo mini hannu.

"Barka, mai girma Magajin Gari."

Na riƙe hannun na ce, "Muriel."

"Akwai mutane a bayana, ranka ya daɗe," in ji ta. Ta zare hannunta a hankali, ta matsa ta ba su wuri.

Na ci gaba da gaisawa da mutane.